Markaziyya Ba Haɗin Kai Ba Ce

'Yan'uwa na Hartum da Umdurman da Bahri, da waɗanda yaƙi ya watsa zuwa Kasala da Gadarif da Bur Sudan da ƙetare.

Tun da mutane suka fara komowa gida bayan sojoji sun sake kama Hartum a watan Maris na 2025, akwai wata kalma da ta cika bakin masu taro. A Suk al-Shabi ta Umdurman, inda ake ta share toka ana ɗaga rumfuna, da takwararta ta Hartum, da wuya mutum ya yi rabin sa'a a wurin mai shayi bai ji ta ba: markaziyya. Wannan ya ce a kafa wa 'yan kasuwarmu lajana markaziyya. Wancan ya ce kuɗin taimakon da 'yan'uwa ke aikowa daga Saudiyya da Kano a zuba shi a asusu ɗaya na markaz. Wani kuma ya ce lokaci ya yi da Hausawan Sudan za su sami ofis ɗaya da hatimi ɗaya da bakin magana ɗaya. In wani dattijo ya nemi a faɗa masa da Hausa, sai a ce masa: "Ai Baba, haɗin kai ke nan." Sai ya gyaɗa kai ya yi shiru, domin wa zai miƙe a gaban jama'a ya ce ba ya son haɗin kai?

Mu dai mun ƙi wannan fassara. Mun ƙi ta domin ƙarya ce, ko da mai yin ta bai yi nufin ƙarya ba. Kuma mun san za a ce mana: gari ya ƙone, mutane na neman abin sa wa a baka, ku kuna nan kuna jayayya a kan kalma. Amsarmu ita ce, duk abin da aka taɓa raba mu da shi a ƙasar nan, da kalma aka fara. Sai an gama raɗa wa abu suna mai daɗi sannan ake aiko da motar da za ta ɗauke shi.

Bahaushe bai taɓa rasa sunan wannan aiki ba. Sunayen ma yawa suka yi masa, kuma bai zuba su a ƙwarya ɗaya ba. Ana tara hatsi a rumbu. Ana tattara yara in magariba ta yi. Ana haɗa kuɗi a yi wa maraya aure. Waɗannan duka ayyukan alheri ne, kuma abin da aka tara yana nan da sunan masu shi. A ɗaya gefen kuwa akwai kankanewa, wato mutum ɗaya ya zauna a kan abin da yake na kowa. Akwai babakere, akwai handama, akwai kaka-gida, akwai danniya irin ta kashin dankali, babba a kan ƙarami. Ba wanda ya sha Hausa a nono da zai rikita tarawa da kankanewa, kamar yadda ba zai rikita aro da sata ba.

Abin ya wuce nan. Harshen nan ya ɓoye bambancin a cikin wasali ɗaya tak. A ce wane ya karɓi kuɗin, sai hankali ya kwanta, an ba shi ajiya. A ce ya karɓe kuɗin, sai kowa ya san an shiga uku. Ya kwashi hatsi, akwai saura a rumbu. Ya kwashe hatsi, sai ɓera ya yi ƙaura. Haka ci da cinyewa, haka sha da shanyewa, haka mallaka da mallakewa. Wannan ƙaramin sauti na ƙarshen kalma shi ne ke gaya wa mai sauraro ko an bar wa wani wani abu. Sa'an nan aikatau na Hausa ba ya tafiya sai da mai aikata shi. Ko an sakaya an ce "an karɓe", yaro ma zai tambaya: wa ya karɓe?

To, markaziyya fa? Ba ta da hannu, ba ta da fuska, ba ta da wasalin da zai tona mata asiri. Suna ce tsirara, wadda take zuwa kamar damina ko hunturu, kamar ba wani ɗan Adam da ya zauna ya yanke shawarar ta. Ba Larabci muke zargi ba. Larabci harshenmu ne na addini da makaranta da kasuwa, kuma yana da nasa kalmomin masu kaifi, irin su ihtikar da istibdad da haimana. Maƙwabtanmu ma sun shekara talatin da ɗoriya suna gardama a kan markaz da hamish, wato tsakiya da gefe. Laifin namu ne, da muka ari kalmar ba mu kwance ƙullinta mun ga abin da ke ciki ba, sa'an nan muka lulluɓe ta da mayafin haɗin kai.

Mu kwance ƙullin. Asalin markaz a Larabci daga kafa abu a ƙasa ne, kamar yadda mayaƙi ke kafa mashinsa. A zamanin Ingilishi, markaz shi ne ofishin da mufattish da mamur suke zaune, inda ake kai haraji, inda ake kai mai laifi. Kakanninmu da suka zo bayan yaƙin Burmi na 1903, waɗanda suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru har suka kafa gari a bakin Nil Azrak kusa da Sinnar, ba su san markaz a matsayin wurin da ake raba alheri ba. Wuri ne da ake kiran mutum, ba ya zuwa don kansa. Mu kuwa abin da muke ce wa tsakiyar abu shi ne cibiya, kuma cibiya ciyarwa take yi. Ta nan jariri ke samun abinci a ciki, in ya fito ya iya numfashi da kansa sai a yanke ta. Tsakanin mashin da aka kafa da cibiyar da ke ciyarwa akwai tafiya mai nisa, amma mu mun mayar da su kalma ɗaya a bakinmu.

Kada a ɗauka Bahaushe bai san a tara iko a hannu ɗaya ba. Ya sani sarai, gandu ke nan. Maigida ke riƙe da gona da rumbu, 'ya'ya da ƙanne suna yi masa noma. Amma gandu yana da sharuɗɗa da kowa ya sani. Maigida zai ciyar, zai biya haraji, zai yi wa saurayi auren fari. Kuma dole ya yanka wa kowa gayauna, ya bar masa lokacin da zai noma ta, abin da ya fito nasa ne. Ranar da maigida ya daina sauke nauyinsa, ɗa yana da ikon ya fita gandu, ba wanda zai kira shi maci amana. Haka adashi, wanda a nan ake ce wa sanduƙ. Uwar adashi tana tara kuɗin kowa a hannunta, amma kowa ya san ranar kwasarsa, kuma kowa yana iya lissafa abin da ke hannunta ba tare da ya buɗe littafi ba. Tarawar da Bahaushe ya yarda da ita ke nan: wadda aka san mai riƙo, aka san abin da ke kansa, aka san ƙofar fita.

Yanzu mu auna wannan da abin da aka yi mana a ƙasar nan da sunaye masu daɗi.

An buɗe madatsar Sinnar da aikin Jazira a 1925. Daga Barakat, kusa da Madani, ake yanke abin da za a shuka da ranar da za a saki ruwa da yadda za a raba kuɗin auduga. A 1950 aka karɓe aikin daga hannun kamfanin Ingilishi aka ce ya zama na ƙasa. Hannayen iyayenmu na cikin waɗanda suka tsinci audugar nan shekara da shekaru, amma da yawansu a kanabi suka rayu, a kanabi suka mutu, ba hawasha, ba takardar filin da ɗakinsu yake kai. Wannan gandu ne da ba gayauna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A 1948 aka yi dokar da ta fayyace wane ne Basudane, aka sa iyaka a ranar 31 ga Disamba 1897. Duk wanda kakansa ya sauka bayan wannan rana, ya tsaya a waje. A lissafa shekarun da ke tsakanin 1897 da Burmi, sai a gane su wa ƙofar ta rufe a fuskarsu. An sassauta ranar daga baya, amma tabon bai goge ba, har yau akwai ɗanmu da ake tsare shi da tambayoyi a kan jinsiyya alhali kakan kakansa a Mai Wurno aka binne shi.

A watan Mayu na 1970 gwamnatin Numairi ta karɓe bankuna da manyan kamfanoni, ta kira abin ta'amim. Kalmar daga umma take, wato mayar da abu na al'umma. Sai dai al'umma ba ta ga mabuɗi ba, jami'in da aka naɗa daga Hartum ne ya gan shi. A wannan shekarar kuma aka yi dokar filayen da ba su da rajista, wadda ta ce duk ƙasar da ba a rubuta ta da sunan wani ba ta gwamnati ce. Manomin da ya sare daji da gatarinsa a Gadarif ko a bakin kogi ya kwana mai gona, ya wayi gari baƙo a gonarsa, manyan masu tarakta suka zo da takarda. A 1971 aka rushe idara ahaliyya, aka kawo abin da aka kira mulkin jama'a na ƙananan hukumomi. Sunan na jama'a ne, kamar yadda sunan kasuwarmu yake Suk al-Shabi, kasuwar jama'a. A tambayi duk wanda ya taɓa kasa kaya a cikinta ko jama'a ce ke yanke kuɗin rumfa.

Bayan 1989 sai aka zo da tamkin. Kalma ce mai daraja, daga Alƙur'ani aka ɗauko ta, inda take nufin Allah ya kafa bayinsa a ƙasa su tsai da salla su ba da zakka. Abin da aka aikata da ita kuwa shi ne cika ofisoshi da bankuna da kamfanoni da 'yan jam'iyya ɗaya, ana korar sauran ma'aikata da sunan salih al-am, wai maslahar kowa. Da Hausa aka faɗe shi da ba a sha wahala ba: kankanewa ce. Sai da aka shekara talatin, a ƙarshen 2019, sannan aka kafa kwamitin warware tamkin. A kasuwa kuma sunan shi ne tanzim, wato tsarawa. Iyayenmu mata masu sayar da gyaɗa da godo-godo, da samarinmu masu agashe, sun san ma'anarsa da ƙafafunsu: kasha ce, mota ta tsaya, a kwashe tire da murhu da kujeru, a ce gobe a zo da kuɗin tara. Mutanen Ishash Fallata ma da sunan tsara birni aka ɗauke su aka kai su can kudancin gari.

Ba Sudan kaɗai ke da wannan ciwo ba. A Nijeriya, ranar 24 ga Mayu 1966, Janar Aguiyi-Ironsi ya fitar da doka mai lamba 34, ya rushe jihohi huɗu na lokacin ya ce ƙasa ta zama ɗaya, ma'aikata su zama ɗaya. Shi a bakinsa haɗa kan ƙasa ne. A kunnen Kano da Zariya da Katsina kuwa karɓewa aka ji. Cikin 'yan kwanaki aka fito ana kiran "a raba", aka zubar da jinin bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba, kuma ba abin da zai wanke wannan. An soke dokar bayan 'yan watanni, amma ƙasar ba ta tsira daga yaƙin basasa ba. Abin da aka kira haɗawa ba tare da an tambayi waɗanda za a haɗa ba, rabuwa ya haifa.

Wani zai ce, to ai maganin a bayyane yake, la-markaziyya. A'a, wannan ma mun sha ta. A 1994 aka yanka Sudan jihohi 26, kowace da walinta da ministocinta da motocinsu. Kuɗi dai daga Hartum yake zuwa, kuma a farkon 2015 aka gyara tsarin mulki aka mayar wa shugaban ƙasa ikon naɗa walai da kansa. An rarraba kujeru, ba a rarraba mabuɗi ba. Duk wanda ya ba ka akuya ya riƙe igiya, kiwo ya ba ka.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar 15 ga Afrilu 2023 ta nuna wa kowa abin da ake nufi da tara ƙasa guda a birni ɗaya. Da Hartum ta tsaya, sai fasfo ya tsaya wata da watanni. Hanyoyin bankuna suka tsinke. Babban rumbun magunguna na ƙasa yana cikin wuta, masana'antun Bahri sun yi shiru, manyan jami'o'i sun rufe. Mai ciwon daji ya gudu Madani, a watan Disamba Madani ma ta faɗi. 'Ya'yanmu masu jiran jarrabawar shahada ba su zauna ta ba sai ƙarshen 2024. Mutumin Damazin da bai taɓa taka Hartum ba ya gane ashe numfashinsa a can aka ajiye shi.

Su wa suka ciyar da waɗanda suka rage a unguwanni? Takaya ne, tukwanen da aka ɗora a ƙofar masallatai da makarantu da gidajen mutane, da ɗakunan agajin gaggawa na samarin unguwa. Ba su da hedikwata da za a kama a rufe. In an kashe wuta a wannan unguwa, tana ci a waccan. Kowace tukunya mutanen layinta sun san mai juya ta, sun san buhu nawa ya shigo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ga abin da ya cancanci a kira shi haɗin kai, kuma ba wanda ya taɓa kiran sa markaziyya.

Yanzu ga hujjar 'yan'uwanmu masu son ofis ɗaya, kuma ba za mu raina ta ba. Sun ce mu tsiraru ne, a warwatse muke. Sun tuna mana da watan Yuli na 2022, da abin da ya faru a Rusairis da Damazin, da na Wad al-Mahi a watan Oktoba, inda ɗaruruwan rayuka suka salwanta, dubbai suka bar gidajensu. Sun ce da muna da murya ɗaya da ba a yi mana haka ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya ne. Har ma za mu ƙara musu da wata: akwai abubuwan da mu tsiraru muka fi kowa bukatar su zauna a tsakiya. Dokar zama ɗan ƙasa ɗaya ce ya kamata ta hau kan kowa, daga Halfa har Kurmuk, kada a bar wa kowane yanki ya zaɓi wanda zai kira ɗan gida da wanda zai kira baƙo. Kotu ɗaya, lambar ɗan ƙasa ɗaya, kuɗi ɗaya. La-markaziyyar da za ta miƙa wuyanmu ga duk wanda ya fi yawa a gari, ba ma maraba da ita.

Amma a duba da kyau. Jinka hannaye da yawa ke ɗaukar ta, ba hannu ɗaya da ya tattara ƙarfin sauran ba. Kuma rikicin na 2022 ya taso ne a kan neman sarauta a cikin idara ahaliyya, a ƙasar da doka ta riga ta ce fili na gwamnati ne, sarauta kuma sai wadda hukuma ta buga wa hatimi. Talakawa maƙwabtan juna, masu noma gefe da gefe, suka kashe juna a kan hatimin da ke aljihun wani a sama. Da jama'armu suka fito a Kasala da Gadarif da Hartum da sauran garuruwa suna kuka, ba wani ofis ɗaya da ya ba su umarni, zumunci ne ya tashe su. Ofis ɗaya kuwa sauƙin saye gare shi. Mai mulki ya fi son ya sami mutum ɗaya da zai kira fada, ya sa masa alkyabba, ya ɗauki hoto da shi, a ce Hausawa sun yi mubaya'a. A lokacin yaƙi irin wannan, mubaya'ar mutum ɗaya tana iya jawo wa ƙauye guda wuta a inda ba a tambayi ra'ayin kowa ba.

Masu kawo misalin tsintsiya su ƙarasa misalin. Maɗaurinta ɗaya, haka ne. Amma maɗauri ba ya shara, bakin tsintsiya ke yi, kuma a sake yake. A ɗaure ta daga sama har ƙasa, ta zama sanda. Sanda kuwa an san aikinta.

Saboda haka ga abin da muke kira gare shi, mu masu rubutu da masu wa'azi da masu jagorancin taro. In an ce markaziyya, a fassara ta da sunanta: tattara iko a hannu ɗaya. A bar mai sauraro ya ji nauyinta ya yanke wa kansa hukunci. In ana nufin ittihad, a ce tarayya, domin mai tarayya yana da rabo. In ana nufin tansiƙ, irin wanda kwamitocin unguwanni suka yi tun 2019 ba tare da shugaba ɗaya ba, a ce tuntuɓar juna. Haɗin kai kuwa a ajiye shi ga abin da mutum ya shiga da ƙafarsa, yake kuma iya fita da ƙafarsa. Kuma duk wanda ya zo mana da shawarar lajana ko asusu, a Suk al-Shabi ne ko a Mai Wurno, a yi masa tambayar gandu cikin ladabi: wa zai riƙe mabuɗin rumbu, me ke kansa in ya riƙe, ina gayaunar kowa, kuma ta wace ƙofa ake sauke shi in ya gaza? Mai niyyar tarawa zai amsa da fara'a. Mai niyyar kankanewa zai ce ana kawo rarrabuwar kai, kuma daga nan an gane shi.

Dattijon nan da aka ce wa "haɗin kai ke nan" yana da hakki a kanmu. Ya rasa rumfarsa, wataƙila ya rasa ɗansa, abin da ya rage masa shi ne harshen da yake auna magana da shi. Kada mu zama mu ne za mu karɓe masa shi.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mai da kowa ɗakinsa. Wanda yake da ja a kan abin da muka faɗa, ga fili nan, ya zo da hujjarsa, da Hausa.